Magani biyu a kan hanya ɗaya: yadda aka kaya a zaure kan kansar fata

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana. A darasinmu na magunguna an ce idan kansar fata irin ta melanoma ta bazu, ana ba mutum dabrafenib tare da trametinib, ɗaya ya toshe BRAF ɗaya ya toshe MEK, furotin biyu da ke kai saƙon rabuwa a cikin ƙwayar jiki. Amma da na duba zanen, su biyun a hanya ɗaya suke, MEK yana bin bayan BRAF ne kai tsaye. To in ka riga ka tare a sama, me kuma za ka je nema a ƙasa? A tarin fuka na gane dalilin haɗa magani huɗu, kowanne inda yake duka daban. Wannan kuwa sai nake ganin kamar ninka kuɗi ne kawai.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ninka kuɗi da ninka illa, ƙanwata. Shekaruna nawa a bayan kanta, na san halin kamfanonin nan. Ka sayar da ɗaya, in ya fara tsufa ka ɗaura masa ɗan'uwa.

Habu: Wa alaikumus salam. Malam, a wannan karon ban bi ka ba. Kamfani na son riba, wannan ba a musu, amma haɗin nan daga ɗakin gwaji ya fito, kuma kansar ce da kanta ta tilasta shi. Bari in bi shi daki-daki tunda aikin da nake yi ke nan kullum.

A 2002 masu bincike a cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka gano cewa melanomar fata da yawa, yanzu an san kusan rabi ne, na ɗauke da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna BRAF. Yawanci wuri ɗaya ne ke lalacewa, gurbi na 600 a jikin furotin ɗin, inda valine ke komawa glutamic acid. Shi ne V600E da kuke gani a takardu. Aikin BRAF shi ne ya karɓi saƙo daga RAS ya miƙa wa MEK, MEK ya miƙa wa ERK, ERK ya shiga can cikin ƙwayar ya ce ta rabu biyu. A lafiyayyen jiki sai an aiko ake miƙawa. Wanda ya lalace kuwa ba ya jiran aike, dare da rana yana ta turawa.

Sai aka ƙera vemurafenib don ya kama wannan lalataccen. A babban gwajin da aka fitar a 2011, ƙari ya ragu sosai a kashi 48 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi, a dacarbazine kuwa, tsohon kemo, kashi 5 kacal. A shekarar Amurka ta amince da shi. Mutanen da ba sa iya tashi daga gado suka miƙe cikin makonni. Matsalar ita ce bayan wata shida zuwa bakwai, ga mafi yawansu, ciwon ya dawo.

Ummi: Yaya Habu, dawowar ta nan hanyar ce ko wata ya sake?

Habu: Yauwa, nan ne amsarki take. Akwai wani hoto da duk wanda ke wannan fanni ya sani, an buga shi a 2011 daga Boston. Mutum ne ɗan shekara 38, ƙirjinsa da hannuwansa duk ƙulli-ƙulli a ƙarƙashin fata. Hoto na biyu bayan mako 15 da fara magani, jikin sumul kamar ba shi ba. Hoto na uku a mako na 23, sun dawo, kusan a wuraren da suke tun farko. Da aka yanki wanda ya dawo aka karanta ƙwayoyin gadonsa, sai aka tarar da sabuwar tangarɗa a MEK1. Wato an riƙe BRAF, sai na ƙasa da shi ya fara aika saƙon da kansa.

Daga nan ɗakunan gwaji suka yi ta tono. Wasu ƙwayoyin kan yi kwafin BRAF da yawa har magani ya kasa isarsu. Wasu su fito da guntun BRAF wanda ke manne wa ɗan'uwansa, maganin ya kasa kashe shi. Wasu su samu tangarɗa a NRAS, wani nau'in RAS, su kewaye ta CRAF, ɗan'uwan BRAF. Dabaru daban-daban, amma yawancinsu wuri ɗaya suke komawa, su sake kunna MEK da ERK. Duk wanda ya yi noman rani ya san wannan: ka toshe bakin kwalbati da ƙasa, ruwa ya ɓalle ta gefe, ya zagayo ya sake faɗawa cikin lambatun nan dai a can ƙasa. In ka san lambatun da zai koma, sai ka sa toshi na biyu a can.

Kawu Ɗanjuma: To 'ya'yana, ashe kun dawo hanya. Mu tun kakanni haɗi muke yi. Sassaƙe kaza, saiwa kaza, a dafa da jar kanwa. Ku kuka ce ba ilimi ba ne, ga shi yanzu Turawa na haɗawa kuna tafi.

Baban Khalifa: Kawu ya shigo 😂

Hajiya Likita: Kawu, barka da dare. Zan dawo kan maganarka don akwai abin faɗa a ciki. Amma Habu, ka tsallake abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan, kuma shi ne ke amsa wa Baban Khalifa zancen ninka illa. Faɗa musu batun ƙurajen.

Habu: Ranki ya daɗe, ina zuwa wurin. Da aka fara ba mutane vemurafenib shi kaɗai, sai likitocin fata suka ga wani abu: kusan mutum ɗaya cikin biyar na fito da wata kansar fatar daban, irin ta saman fata da ake kira squamous, cikin 'yan makonni ko watanni. Maganin ciwon kansa yana haifar da wata kansar. Ana yanke su, ba su cika kisa ba, amma abin ya ɗaure kai.

A 2010 ƙungiyoyi uku, ɗaya a Landan, ɗaya a New York, ɗaya a Kalifoniya, suka fito da bayanin kusan lokaci guda. A ƙwayar da BRAF ɗinta lafiya lau yake amma RAS ɗinta a kunne, maganin ba ya kashe hanyar, zuga ta yake yi. Yana kama RAF guda, wato BRAF ko ɗan'uwansa, ya sa ya manne da wani RAF ɗin, shi wanda bai kamu ba sai ya tashi da ƙarfi. Fatar mutumin da ya sha rana shekara da shekaru cike take da ƙwayoyi masu tangarɗar RAS da ke kwance shiru. Magani na zuwa sai su farka.

Yanzu ki duba abin da ke faruwa in aka sa mai toshe MEK. Duk zugar da aka yi a sama dole ta bi ta MEK, ga shi an rufe. A gwajin COMBI-v, waɗanda suka sha vemurafenib kaɗai kashi 18 ne suka fito da waɗannan ƙuraje, masu shan haɗin kashi 1. Lokacin da ake samu kafin ciwon ya ci gaba kuma ya tashi daga wata 7.3 zuwa 11.4. Da wuya ka ga an ƙara magani illa ta ragu, amma a nan haka ta faru.

Baban Khalifa: Illa ɗaya ta ragu, Habu. Kada ka sayar mana da rabin zance. Haɗin dabrafenib da trametinib na sa wa kusan rabin masu shansa zazzaɓi, wani har da rawar ɗari da faɗuwar hawan jini. Masu toshe MEK na iya tara ruwa a bayan ido, suna iya raunana bugun zuciya, dole a riƙa duba su. Kuma wata 7 zuwa wata 11, wata huɗu ke nan. Lokacin da aka fitar da shi a Amurka, haɗin ya haura dala 10,000 a wata. Wata huɗu a wannan farashi?

Habu: Zazzaɓin gaskiya ne. Amma wata huɗun nan na tsakiya ne, ba na kowa ba. Da aka haɗa alƙaluman COMBI-v da na wani gwajin haɗin aka fitar a 2019, kashi 34 cikin ɗari na raye bayan shekara biyar. Kafin 2011 wanda melanoma ta bazu a jikinsa yawanci ba ya kai shekara. Ka tambayi mutum ɗaya cikin ukun nan ko wata huɗu ya samu.

Baban Khalifa: Ni kuma ka bar ni in tambayi biyun da suka rage.

Hajiya Likita: Ku biyun kuna da gaskiya, sai dai ba ku taɓo inda ya fi damuna ba. Zazzaɓin nan da Baban Khalifa ya ambata, ku yi tunaninsa a garinmu. Mutum ya dawo daga Indiya ko Masar da kwalaben maganinsa, bayan mako uku jiki ya yi zafi. Ina zai je? Kemis ɗin unguwa. Za a ce maleriya ce da taifot, a yi masa allura, shi kuma ya ci gaba da haɗiyar dabrafenib safe da yamma, alhali abin da ake so shi ne a dakatar da maganin har zazzaɓin ya sauka, a kuma duba ko akwai wata cutar. Wanda ya rubuta masa yana wata ƙasa, lambar wayarsa ma ba ta shiga.

Baban Khalifa: Ƙara da wannan, Hajiya: rifampicin. Yana zaburar da hanta ta narkar da magunguna da sauri, har ƙarfin irin waɗannan ya faɗi a jini. Wanda ke kan maganin tarin fuka ba a haɗa masa su haka kawai. Kuma dabrafenib miligiram 150 sau biyu a rana, trametinib miligiram 2 sau ɗaya, ciki ba abinci, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayan ci. Trametinib ɗin da aka fara fitarwa ma a firji ake ajiye shi. A watan Afrilu. Da wutarmu.

Ummi: To Yaya Habu, a ɗakin gwajin yaya kuke gane cewa magani biyu sun dace da juna? Ko kuna zubawa ne kawai ku gani?

Habu: Kusan haka ne, sai dai da lissafi. Akwai ƙwayoyin melanoma da ake kira A375, an ɗebo su daga jikin wata mata 'yar shekara 54 tun farkon shekarun 1970, har yau suna rabuwa a ɗakunan gwaji a duk duniya, kuma suna da V600E. Ana renonsu a cikin wani jan ruwa mai sinadaran abinci, a akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37 kamar jikin mutum. In ruwan ya koma ruwan ɗorawa, sun cinye abincin, sai a canza.

Sai ka ɗauko faranti na roba mai ramuka 96, layi takwas a tsaye, sha biyu a kwance. Ka zuba ƙwayoyi daidai wa daida a kowane rami. Ramukan gefe ba ma amfani da su, ruwa kawai muke cikawa, don su ke fara ƙafewa su ɓata lissafi. Magani na farko ka riƙa ƙara ƙarfinsa daga hagu zuwa dama, na biyu daga sama zuwa ƙasa. Kowane rami na da nasa haɗin. Bayan awa 72 a ƙirga waɗanda suka rayu. Wani lokaci a bar su mako biyu, a wanke, a rina da shuɗin rini. Inda ƙwayoyi suka rayu ramin ya yi shuɗi, inda suka mutu ya fito fari tas. Kana ɗaga farantin sama kusa da fitila za ka ga kusurwar da ta yi fari.

Lissafin kuma ga shi. A ce na farko shi kaɗai ya kashe kashi 50, na biyu shi kaɗai kashi 40. In kowa aikinsa yake yi ba ruwansa da ɗan'uwansa, na biyu zai kashe kashi 40 na hamsin ɗin da suka rage, wato 20, jimilla 70. In ka samu 70, ba wani abu. In ka samu 95, to suna taimakon juna, nan ne za ka fara kiran mutane su zo su gani. In ka samu 55, suna taka wa juna ƙafa.

Ƙwayoyi masu turjiya ga magani kuma da kanmu muke ƙirƙirarsu. Ka sa musu magani kaɗan, yawanci su mutu, 'yan tsirarun da suka rage su sake cika kwalbar, ka ƙara ƙarfi, haka wata da watanni har ka samu waɗanda ke girma a cikin maganin kamar ba komai. A 2014 aka yi wata dabarar da CRISPR, hanyar yanke ƙwayar gado, a kan A375 ɗin nan: aka lalata ƙwayoyin gado dubbai, ɗaya a kowace ƙwaya, aka zuba vemurafenib, aka duba su wa suka tsira. Sunaye irin su NF1 da NF2 da MED12 suka fito.

Kawu Ɗanjuma: Ɗana, ƙwayar matar da ta rasu tuntuni ita kuke ta ba magani, sannan ku ce ya yi wa mai rai? Roba ba ta da hanta, ba ta da jini.

Habu: Kawu, wallahi ka faɗi abin da manyan fannin ke faɗa. Shi ya sa daga faranti ake zuwa ɓeraye, a dasa musu ƙarin da aka yanko daga majinyaci. Su ma ɓerayen suna yaudara. Ga misali mai zafi. A 2013 aka fitar da wani bincike mai kyau ƙwarai: ƙarin da ya saba da vemurafenib a jikin ɓera ya zama ba ya iya rayuwa sai da shi. In aka janye maganin, saƙon ya yi masa yawa, sai ya ragu. Da aka riƙa ba ɓeraye magani ana hutawa ana komawa, turjiya ta jinkirta. Kowa ya ce an samu mafita, ga sauƙin kuɗi ga sauƙin illa.

Aka gwada a mutane a Amurka, sakamakon ya fito a 2020. Bayan makonni takwas na farko, wasu suka ci gaba da sha kullum, wasu mako uku hutu mako biyar sha. Masu sha kullum suka samu wata 9 kafin ciwon ya motsa, masu hutawa wata 5.5. Akasin ɓera.

Baban Khalifa: Ka ga abin da nake faɗa.

Habu: A'a Malam, ba shi kake faɗa ba. Kai cewa ka yi haɗin dabarar kasuwa ce. Ni ina cewa ɗakin gwaji na ba da shawara, mutane ke yanke hukunci. Shawarar haɗa BRAF da MEK ta ci jarabawar, har aka samu haɗi uku a kasuwa: dabrafenib da trametinib a 2014, sai vemurafenib da cobimetinib a 2015, sai encorafenib da binimetinib a 2018. Shawarar hutu ta faɗi. Dukansu daga wuri ɗaya suka fito.

Baban Khalifa: To ga wata. Na karanta aikin wasu mutum biyu daga Harvard na 2017, suka ce yawancin haɗe-haɗen maganin kansa ba taimakon juna suke yi ba. Kawai dai majinyata sun bambanta, wani na farko ke yi masa, wani na biyu, in ka ba kowa duka biyu sai adadin waɗanda suka dace ya ƙaru. Wato rabin mutane na shan gubar da ba ta amfane su ba.

Habu: Na san aikin, kuma yana da nauyi. Amma shi ya fi shafar haɗin da kowane magani ke dukan wuri daban. A namu akwai shaidar da ba ta dogara da wannan ba, ƙurajen nan da suka ɓace. Wannan a jikin mutum ɗaya ne magani na biyu ke gyara ɓarnar na farko.

Hajiya Likita: Kawu, ga amsarka kafin in manta. A shekarun 1950 a jihar Idaho ta Amurka, tumaki suka riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Aka daɗe ana nema kafin a gano wani tsiro ne da suke ci a tsaunuka lokacin da ciki ke ƙarami. Aka ware sinadarin, aka sa masa suna cyclopamine. Shekaru da yawa bayan nan aka gano yana toshe wata hanyar saƙo da ake kira Hedgehog, ita ce kuma ke haukacewa a kansar fata irin ta basal. Wannan ya buɗe ƙofar vismodegib, wanda aka amince da shi a 2012, da sonidegib a 2015. Don haka tsiro ba abin rainawa ba ne, yana da ƙarfin da zai mai da ɗan rago mai ido ɗaya. Saboda wannan ƙarfin ne nake son a san me ke cikin tukunya, nawa ne, me yake yi wa ƙoda. Abin da nake gani a asibiti shi ne ƙafar da aka yi wata tara ana ɗaura wa haɗi.

Kawu Ɗanjuma: 'Yata, ban ce a ƙi asibiti ba. Na ce a daina raina mu.

Maman Sadiq: Salam. Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a zauren. Yarona zabiya ne, shekararsa 14. Akwai wani ɓawo-ɓawo a kunnensa da bayan wuya, in ya ɓare sai ya dawo. Wannan maganin da kuke magana zai yi masa?

Hajiya Likita: Maman Sadiq, sannu. A'a, wannan ba nasa ba ne, kuma ba ma fatan ya kai ga bukatar irinsa. Masu lalurar zabiya kansar da ta fi kama su ita ce ta squamous, rana ce ke jawo ta, kuma ba ta BRAF take bi ba. Kin ma ji abin da Habu ya ce, mai toshe BRAF shi kaɗai zuga irinta yake yi. Ɓawon da kika faɗa sau da yawa gargaɗi ne kafin kansa, a wannan mataki ana ƙona shi da sanyi ko a shafa magani ya tafi. Ba zan iya yanke hukunci ta waya ba. Ki kai shi sashen fata na asibitin koyarwa mafi kusa da ku cikin makon nan, kada ki jira ya zama gyambo. Hula mai faɗin baki da ke rufe kunne da wuya, riga mai dogon hannu, man kare rana, kuma a roƙi makaranta kada a sa shi tsayuwa a fili da tsakar rana. Ki yi min magana ta gefe.

Maman Sadiq: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Zan turo.

Nas Ramatu: Hajiya, tunda an zo nan, ki faɗa musu melanomar da muke gani mu. Don ni duk hotunan da ke littafi na bayan Bature ne mai tawadar Allah, ban taɓa ganin irinta a ɗakin wankin ciwo ba.

Hajiya Likita: Ita ce maganar da nake ta juyawa tun ɗazu. Melanomar baƙar fata yawanci ba a baya ko a fuska take fitowa ba, a tafin ƙafa take, ko dunduniya, ko ƙarƙashin farce. Ba ruwanta da rana. Dattijo ne manomi zai zo, ya ce ƙaya ce ta soke shi bara, wurin ya yi baƙi, ya ƙi warkewa. An yi ta wanki, an ce ciwon suga ne, an ce sammu ne. Ka kwance tsumman, ka ga baƙin nama ya tsiro yana jini, ka taɓa matse-matsinsa ka ji kaluluwa kamar ƙwai. A lokacin ta riga ta tafi.

Ita wannan ta tafin ƙafa kuwa, kashi 15 zuwa 20 ne kawai ke da tangarɗar BRAF. Wato ko an ba mu haɗin Habu kyauta, mutum huɗu cikin biyar na majinyatana ba zai yi musu komai ba, yana ma iya cutar da su. Kuma kafin ka san ɗayan da zai amfana sai an gwada tsokar.

Habu: Haka ne ranki ya daɗe, kuma laifin har da namu. Yawancin ƙwayoyin da muke reno a lab daga fatar Turawa suka fito. Na tafin ƙafa kaɗan ne, kuma suna da wuyar reno. Abin da aka sani shi ne tsarin lalacewarsu daban: maimakon ƙananan tangarɗa dubbai irin na rana, manyan yankunan ƙwayoyin gado ne ke ninkuwa, kamar na CDK4 da cyclin D1, wasu kuma ƙwayar gado mai suna KIT ce ta lalace. Masu KIT an gwada musu imatinib, wasu sun amsa amma ba ya daɗewa. Ana gwada haɗa mai toshe MEK da mai toshe CDK4/6, wanda tun 2012 aka nuna alamarsa a ɓeraye masu NRAS. Har yanzu bai zama maganin da za a rubuta wa kowa ba.

Ummi: Anti Likita, to magungunan garkuwar jiki fa? Na ji an ce su ne suka kori waɗannan.

Hajiya Likita: Ba su kore su ba, sun sha gabansu dai. Ipilimumab ya zo a 2011, nivolumab da pembrolizumab a 2014. Su ba ƙarin suke duka ba, garkuwar jiki suke kwance wa mari. Ba su da saurin aiki amma in sun kama suna daɗewa. An yi gwaji mai suna DREAMseq a kan masu BRAF don a ga wanne ya kamata a fara: waɗanda aka fara wa da na garkuwa kashi 72 na raye bayan shekara biyu, waɗanda aka fara wa da dabrafenib da trametinib kashi 52. Amma wanda ciwon ke cin sa da gudu, numfashi na yankewa, ba shi da makonnin jira, shi haɗin BRAF ne ke ceto shi cikin kwanaki. A ta tafin ƙafa kuma na garkuwar ma ba sa kaiwa yadda suke kaiwa a ta Turawa.

Ummi: Me zai hana a haɗa duka uku?

Baban Khalifa: Hanta, Ummi. Farkon gwajin haɗa vemurafenib da ipilimumab dakatar da shi aka yi a 2013 saboda hantar mutane ta fara lalacewa.

Habu: An sake gwadawa da wasu. Guda ɗaya, atezolizumab da vemurafenib da cobimetinib, ya samu amincewa a 2020. Biyu sun kasa cimma abin da aka sa musu. Likitoci ba su rungume shi ba sosai.

Hajiya, ni kuma ina da tambaya. Tsokar da kuke yankewa daga tafin ƙafa, ana ajiye ta?

Hajiya Likita: Ana ajiyewa a cikin kakin kyandir kamar ko'ina, akwai na shekaru a sito. Sai dai kada ka sa rai da yawa. Wata tsokar daga ƙauye take zuwa a kwalbar da ta yi makonni cikin formalin, ruwan adana tsoka, wani lokaci formalin ɗin ma an tsarma shi da ruwan famfo. DNA ɗin ya farfashe kafin ya iso.

Habu: Ko da haka akwai hanya. Akwai rinin da ake kira VE1, yana kama furotin V600E kai tsaye a kan gilashi, ba sai an karanta DNA ba. Duk ɗakin da ke yin rinin gano nau'in kansar mama zai iya yin sa. V600E kaɗai yake gani, ba ya ganin V600K, kuma tsokar da ta daɗe a formalin tana iya ƙin kamawa, amma farawa ce. A tsoka mai baƙi sosai a yi amfani da jan rini maimakon ruwan ƙasa, in ba haka ba ba za a bambance shi da baƙin ƙarin ba.

Baban Khalifa: In ya fito yana da ita kuma, wa zai biya maganin?

Habu: Malam, a fara sanin nawa ne tukuna.

Hajiya Likita: Habu, turo min bayanin rinin da adadin gilashin da kwalba ɗaya ke yi. Ranar Litinin zan zauna da mai duba tsoka, sannan sai mun bi ta kwamitin ɗa'a na asibiti kafin a taɓa ko guda. Ramatu, ki duba min rajistar ɗakin tiyata, duk wanda aka rubuta wa gyambon tafin ƙafa aka kai tsokarsa gwaji, ki ware min lambobin fayil ɗin.

Nas Ramatu: To Hajiya. Daga wace shekara zan fara?

Hajiya Likita: Fara daga inda rubutun ke karantuwa.